Ruwan da Ke Hawa Tudu

Ciyawar da ta maƙale a jikin wani turke ce ta fara gaya mini akwai matsala. Mun gama cin abincin rana a kan wani tsibirin yashi, an ce mana gida za mu koma, muka shiga kwalekwale muka kama hanya. Da muka zo wucewa ta gefen turken, sai na ga ciyawar ta miƙe a saman ruwa tana nuna gabanmu. Na tsoma hannu. Daga bayanmu ruwan yake zuwa, yana tura mu. Haka kuma ya tura mu da safe lokacin da muke tahowa.

Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san in ka gangara da ruwa, to a komowa sai ka yi kokawa da shi. In da safe yana tura mu, yanzu ma yana tura mu, to ba gida muka nufa ba. Gaba ake yi da mu, wajen teku.

Sunana Hafsatu. Ƙauyenmu yana ƙasar Tudun Wada, inda Kogin Kano ke gangarowa daga wajen duwatsun Doguwa ya nufi Tiga. Babana yana da lambun albasa da tumatir a fadama. Tun ina ƙarama, in za mu shiga daji neman ɗinya, yakan ce mini, "In kin ɓata kada ki bi sawun shanu, kada ki bi maganar wanda ba ki sani ba. Ki nemi rafi ki duba inda ya dosa. Mutum zai iya yi miki ƙarya, shi kuwa ruwa gangare kawai ya sani." Da wannan na girma, kuma da shi na zo Ingila.

Wadda ta kawo ni wata Hajiya ce da wani ɗan'uwanmu mai shago a Kwanar Dangora ya haɗa mu da ita. Ta ce tana neman yarinyar da ta gama sakandare, ta ɗan riƙa taya ta da yara, ita kuma ta sa ta makarantar koyon aikin jinya. Ranar da muka sauka, tun kafin mu fita daga filin jirgi, ta miƙo hannu tana murmushi.

"Kawo fasfonki da wayarki in ajiye miki, 'yata, kada su ɓata."

Ban ƙara ganinsu ba sai bayan da sanyi ya zo ya wuce. Makaranta kuwa, ta yaranta kaɗai na sani, in kai su da safe in ɗauko su da yamma. A can wata malama ta lura kullum da silifas nake zuwa ko ana ruwa, ta fara yi mini tambayoyi a hankali. Ta dalilinta hukuma ta fitar da ni daga gidan, aka kai ni wani gari a bakin ruwa, gidan da ake ajiye mata irina kafin a san yadda za a yi da maganarmu.

A gidan nan na ji labarai iri-iri. Akwai wadda aka shigo da ita a bayan mota, akwai wadda aka ɗauke ta a jirgin ruwa daga wata ƙasa zuwa wata ba ta ma san sunayensu ba. Kowacce cikinsu, in ka bi labarinta, da murmushin wani ya fara.

A nan kuma na haɗu da Anti Salamatu, 'yar zangon Kumasi ta ƙasar Gana, mace mai jiki da yawan dariya. Ita kaɗai nake Hausa da ita. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai "'yar Kano". In ta dafa shinkafa da wake sai ta ajiye mini nawa. Ina cin abincinta, ina jin daɗin hirarta, amma ban taɓa sakin jiki da ita duka ba. Hajiya ma da Hausa ta same ni.

Ita ce ta matsa mini a kan wannan fita. Wata ƙungiyar masu wasan kwalekwale ce a garin ta gayyaci matan gidanmu, wai mu sha iska.

"Anti, ni ba zan je ba."

"Za ki je. Kullum kina ɗaki kamar kaza mai kwanci. Ba ke kika ce a bakin kogi kika girma ba?"

"Wanki muke zuwa yi, ba tuƙi ba."

"To yau kya wanke tsoro."

Da safe ƙaramar bas ta sauke mu a mashigar ruwan, wata gangara ce ta siminti kusa da gada, da hasumiyar coci a bayanta. Ruwa ya cika maƙil har bakin ciyawa, faɗinsa ya kusa na dam. Aka ba mu rigunan da ke hana nutsewa da takalman roba. Na cire nawa takalman na tura su ƙarƙashin wani benci. Shugaban tafiyar wani dogon mutum ne mai furfura a gemu, sunansa Kolin, da rediyon oba-oba rataye a ƙirjinsa. Ya tara mu ya yi dogon bayani yana zane a ƙasa da sanda. Turancinsa da sauri yake fita, ta hanci. Ina ƙoƙarin kamo shi ke nan sai ya ɗago wani ɗan duro shuɗi mai murfi, ya ce kowa ta sa wayarta a ciki, kada su jiƙe.

Daga nan ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba. Kada su jiƙe. Kada su ɓata. Na ga mata suna jefa wayoyinsu suna dariya. Na riƙe tawa har Anti ta zungure ni.

"Sa mana, 'yar Kano. Wa zai saci wannan tsohuwar wayar taki?"

Na sa. Ya rufe murfin ya ɗaure shi da wani zoben ƙarfe. Sa'ar da na yi, a kwalekwalenmu aka ajiye duron, a gaban ƙafafun matar da za ta tuƙa mu. Jenet sunanta, tsohuwa ce siririya mai farin gashi, ta kai sa'ar kakata. Ni a gaba, Anti a tsakiya, Jenet a baya. Ta nuna mini yadda ake riƙe filafili, ta gyara mini igiyar rigata, ta ce hijabina ya yi kyau. Na ce na gode. A raina na ce, haka ake farawa.

Ba zan ɓoye ba, tafiyar safe ta yi daɗi. Ruwa ne ke ɗauke da mu, da ƙyar muke tsoma filafili. Akwai fararen tsuntsaye masu kama da balbela, da jirage ɗaure a tsakiyar ruwa babu kowa ciki. Anti tana ta rera waƙar biki tana girgiza kwalekwalen, Jenet tana roƙonta ta zauna daidai. Ni kuwa ina haddace hanya: gada, coci, wani jan gida, wata bishiya da ta karkata. Na ce ko me zai faru, in dai na fuskanci inda ruwa yake fitowa na bi waɗannan alamu, zan koma.

Sai muka fara shiga kwana-kwana. Ruwan ya rabu, ya sake haɗewa. Gari ya lumshe, gajimare ya rufe ko'ina, hazo ya sauko a kan gaɓa. Kafin mu sauka a tsibirin yashin nan na rasa gabas da yamma. Da na tashi yin azahar babu rana, babu wayar da zan duba alƙibla. Na tambayi Anti, ta waiga hagu ta waiga dama, ta nuna wani gefe da baki.

"Yi nan. Allah ya san halin da muke ciki."

A tsibirin abubuwa suka fara taruwa a raina. An gama cin abinci, an tattara kaya, amma ba a tashi ba. Kolin sai duba agogo yake yi. Ya je bakin ruwa ya kafa sanda, ya tsaya yana kallonta, ya dawo ya ce tukuna. Ya koma gefe yana magana a oba-oba ƙasa-ƙasa. Can nesa cikin hazo na hango wani farin jirgi mai inji, a tsaye, ba ya gaba ba ya baya. Na tambayi kaina, wa muke jira?

Ga kuma wani abu: kogin da muka biyo ya ɓace. Inda da safe ruwa ne shimfiɗe, yanzu taɓo ne baƙi mai sheƙi hagu da dama, da 'yar siririyar hanyar ruwa a tsakiya. A wurinmu sai an yi watanni da ɗaukewar damina kogi ke janyewa haka. Ban taɓa jin inda ya yi hakan tsakanin hantsi da azahar ba. Sai na yanke cewa wannan wani wuri ne dabam, sun zagaya da mu ta bayan tsibirin.

Daga nan Kolin ya tafa hannu ya ce gida. Muka shiga. Muka zo wajen turken nan mai ciyawa.

Na juya a hankali na ce, "Anti, ba gida za mu ba."

"Ina za mu, Makka?"

"Anti, don Allah ki bar wasa. Dubi ruwan. Da safe ta baya yake tura mu. Yanzu ma ta baya."

Ta leƙa, ta yi dariya. "Ai juyowa ya yi. Ruwan teku haka yake, ya tafi ya dawo. Na gani a Ankara, can Gana."

"Wannan kogi ne, ba teku ba. Kogi ba ya juyowa."

"Na nan yana juyowa."

"Wa ya gaya miki?"

"Mutumin nan bai faɗa da safe ba? Ina kunnenki yake?"

Wato abin da ya gaya mata ne take maimaita mini. Na dube ta sosai. Ita ta matsa mini in zo. Ita ta ce in sa waya a duro. Ita ta nuna mini alƙibla da baki ba tare da ta damu ba. Watanni tana ajiye mini shinkafa da wake.

Jenet ta tambaya daga baya ko lafiya. Na ce mata da Turanci ina son wayata. Ta ce in mun isa, ba nisa, buɗe duron a kan ruwa yana da haɗari. Ta faɗa da murmushi. Na ɗaga kai, sai na ga farin jirgin nan ya tayar da inji yana biyo mu.

A hannun damanmu, bayan taɓon, akwai tudu mai koren ciyawa da shingen waya, da shanu suna kiwo. Inda akwai shanu akwai mutane. Taɓon bai fi faɗin lambun Baba ba, kuma ni na san taɓo, a cikinsa na yi dashen albasa, iyakarsa idon sawu. Da kwalekwalen ya matso kusa da gefe, na yi bisimilla na diro.

Takun farko ya kai ni gwiwa. Na fizge na sake takawa, na yi wani, na yi wani, sannan ƙasa ta buɗe ta haɗiye ni har cinya. Ba irin taɓonmu ba ne. Ba shi da ƙasan da ƙafa za ta taka, ga sanyi kamar ƙanƙara, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. In na ja ƙafar dama sai ta hagu ta ƙara nutsewa.

Ihu ya tashi ta ko'ina. Kolin ya iso da ƙaramin kwalekwalensa, ya jefo mini igiya ta faɗo a kafaɗata. Na cire ta na yar. Ya sake jefowa, na sake yarwa. Yana ta ɗaga murya yana nuna bayana, ni kuwa na ɗauka tsawa yake mini.

"Hafsa... ke 'yar Kano! Kama igiyar nan don ubanki!" Muryar Anti ce, babu sauran dariya a cikinta. "Ruwa na zuwa!"

"Nawa suka ba ki?" na ce da ita. "Anti, me na yi miki?"

Har yau in na tuna fuskarta a lokacin sai na ji kunya ta rufe ni.

Sai na ji sanyi ya taɓa ni ta wani wuri sabo. Na duba ƙasa. Ramukan da ƙafafuna suka bari a baya sun cika da ruwa. Wani siririn ruwa mai kumfa a baki yana rarrafowa a kan taɓon, ba gudu, ba tsayawa, yana hawowa sama wajen tudu. Na tsaya ina kallonsa kamar wadda ta ga maciji yana tafiya da baya. Ya zagaye ni. Ya taɓa gefen rigata. Ya ɗan fantsamo mini a leɓe, na ji gishiri.

Ko a lokacin ban yarda da su ba. Na dai san cewa ruwan zai kashe ni, kuma na kasa zaɓa tsakaninsa da farin jirgin.

Jenet ce ta sauko. Ta tura kan kwalekwalen cikin taɓo, ta shimfiɗa filafilai biyu a gabanta, ta kwanta rub da ciki a kansu, ta fara jan jiki zuwa wurina kamar ƙadangare. Tsohuwa, farin gashinta yana shan laka. Na ɗebo taɓo na watsa mata a fuska. Ta tsaya, ta share ido da kafaɗa, ta ci gaba. Da ta zo inda hannunta zai kai gare ni, ba ta kama ni ba. Ta miƙo wata 'yar jakar leda mai zip. Wayata ce a ciki. Ashe lokacin da kowa ke ihu, ita duron take buɗewa.

Ta yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda zan gane. Ta ce, "Taki ce. Riƙe. Kira 'yan sanda in kina so, kira duk wanda kike so. Amma ki kwanta da baya ki buɗe hannuwa, ki bar ƙafafunki su taso. Ni ma ba zan iya tashi daga nan ba sai kin fita."

Ruwa ya kai mini ƙugu, ita kuma ya fara shiga mata ƙarƙashin haɓa, tana ɗaga kai tana tofarwa. Na karɓi wayar na damƙe ta a ƙirji. Ban kira kowa ba, yatsuna ma ba sa lanƙwasuwa. Na yi kalmar shahada na kwanta da baya a cikin ruwan, rigar nan ta ɗago ni. Jenet ta zura hannu cikin taɓo har kafaɗa tana tonon lakar gefen ƙafata, tana cewa in motsa ta kaɗan-kaɗan. Ƙafar dama ta fito babu takalmi. Ta hagu ta daɗe. Da ta saki, sai na ji kamar an zare mini ita daga jiki. Jenet ta sa mini igiyar a hannu, wannan karon na kama, aka ja mu mu biyu kamar buhunan da suka faɗa rijiya.

Farin jirgin ne ya ɗauke mu. Na ƙi shiga sai da Jenet ta fara shiga, Anti ta bi ta, sannan aka ɗaga ni. Mai tuƙin wata mata ce da rigar ƙungiyar a jikinta. Suka naɗe ni da wani abu mai ƙyalli kamar takardar alewa, suka ɗora bargo. Haƙorana suna ta haɗuwa. Anti ta zauna a gefena ta juya mini ƙeya, amma hannunta yana kan ƙafata tana murza ta.

"Jirgin nan nasu ne," ta ce, ba ta dube ni ba. "Tun safe yake bin mu saboda irin haka. Sandar da ya kafa, juyowar ruwa yake jira don kada mu sha wahalar tuƙi. Duk ya faɗa. Ke kina can kina gadin duro."

Waya tana hannuna, idona yana kan gaɓa. Na ce a raina, baki ba ya wuyar magana, sai na gani. Muka yi kwana, muka sake yin wata. Babu abin da na sani. Sai ga wata bishiya a karkace ta fito daga cikin hazo, amma a hannun hagu, ba dama kamar da safe ba. Sai jan gida. Na tashi zaune. Can sai ga kan hasumiyar cocin, sai gada, ruwa yana kutsawa ta ƙarƙashinta ya nufi cikin gari, ya nufi tudu.

Yau kusan sati uku ke nan. Na yi waya da Baba sau da yawa, mun yi maganar albasa da ciwon ƙafar Inna, amma ban gaya masa ba. Ban san yadda zan ce masa akwai ƙasar da kogi ke komawa inda ya fito sau biyu a yini ba, kuma abin da ya koya mini don ya tsare ni shi ya kusa binne ni. Gaskiya ya gaya mini, iyakar ruwan da ya sani.

A ranar dai, wajen la'asar muka iso gangarar simintin. Motar asibiti tana jira. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni a kan benci, ta sa mini abu a kunne da wani a yatsa, ta haska mini ido. A gefe ana ba Jenet shayi, laka ta bushe mata a gira. Ta ɗago shi ta nuna mini, wai in sha nawa. Na sunkuya don in ɓoye fuskata, sai na ga takalmana a ƙarƙashin bencin, a jere, yadda na bar su da safe.

Ma'aikaciyar ta dafa kafaɗata ta yi magana. Na ji Turancin sarai, amma Anti Salamatu ta durƙusa a gabana da nauyinta duka, ta kama hannuwana biyu tare da wayar da ke cikinsu, ta maimaita mini da Hausa.

"Ta ce babu abin da zai same ki. Kin ji? Kin tsira, Hafsatu."

Ta bayan kafaɗarta ina hango ruwan yana hawowa gangarar a hankali, har ya taɓa daidai inda muka same shi da safe. A nan kukan ya zo mini.